Farin zaren da ya cinye min gyaɗa, da masu gadin da ba'a gani da ido

Abun ya fara ne da tushe ɗaya tal a tsakiyar kunya. Gyaɗar tayi kyau ta rufe ƙasa, ta fara sakin ƙafa tana nitsa ƴaƴa, sai na hango reshe ɗaya yayi yaushi alhali ga danshi ko ina, an ma yi ruwa da daddare. Nace ko gara ce ko wani ne ya taka. Bayan kwana uku tushen ya mutu murus, na kusa dashi guda biyu suma sun fara langaɓewa. Na tsuguna na ɗaga rassan, abun da na gani har yau yana idona: wani farin abu kamar auduga ko yanar gizo-gizo ya lulluɓe gindin daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, har ya bazu kan busassun ganyen da suka zube, kuma a jikinsa ga wasu ƴan ƙwayoyi zagayayyu, basu kai ƙwayar gero ba, wasu farare wasu sun koma ruwan ƙasa. Da na ja tushen sai ya tsinke a hannuna ba wuya, gindin ya ruɓe, ƴaƴan na ƙasa sunyi laushi suna wari.

Dattijon da gonarsa take maƙwabtaka da tawa ya leƙo, nace Baba dan Allah zo ka gani. Ya duba yace ai wannan ruɓa ce ɗana, ƙasar ce tayi zafi ga ruwa, tuge ka yar. Gaskiya ya faɗa, rabinta dai. Sai daga baya na gane cewa ƴan ƙwayoyin nan da na ɗauka ƙwan kwari ne, su ne ainihin masifar. Fumfuna ce sunanta Sclerotium rolfsii, wani masani Peter Henry Rolfs ne ya fara bayaninta a jikin tumatir a Fulorida ta Amurka a 1892, shi yasa aka liƙa mata sunansa. Ƙwayoyin nan kamar rumbunta ne, a ciki take ƙudundunewa ta kwanta a ƙasa shekara da shekaru tana jiran zafi da danshi. Kuma bata zaɓen abinci, tana kama tsirrai sama da iri 500, tumatir, wake, waken suya, barkono, duk nata ne. Yadda take kisa ma abun mamaki ne, wani asid take zubawa mai suna okzalik wanda yake janye sinadarin kalsiyam daga bangon ƙwayoyin jikin shuka, bangon ya saki, sannan ta bi da wasu sinadaran narkarwa ta shanye. Wato kafin ma zaren ya iso wuri ta riga ta kashe naman da ke gabansa. Shi yasa in kaga yaushi a sama to aikin gama ya gama a ƙasa.

Toh ni a lokacin ban san duk wannan ba, abun da na sani kawai gyaɗata na mutuwa. Wani mai saida magungunan gona ya miƙo min wata hoda a leda yace ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, suna cinye fumfuna, ba guba bane. Na karɓa da murna, na dama a famfon feshin da nayi amfani dashi jiya-jiya da wani magani ban ko ɗauraye ba, na fita da rana tsaka na fesa a kan ganye. Ko gezau. Na dawo ina ta masifa an cuce ni. Yanzu in na tuna dariya nake, dan kuwa a abu ɗaya nayi kuskure kusan huɗu, kuma hodar ma Allah kaɗai ya san watanni nawa tayi a kan kanta tana shan zafi kafin ta zo hannuna.

Babban kuskuren shine na ɗauke ta magani. Mu mun saba in akace magani to abu ne da zaka watsa ya kashe, ka koma gobe kaga gawa. Wannan kuwa halitta ce mai rai, sai ta samu wurin zama, ta ci, ta hayayyafa, sannan ta yi maka aiki. Ɗaukar mai gadi ne, kuma ba'a ɗaukar mai gadi bayan ɓarawo ya fita da kaya.

Sai da na zauna na karanta yadda abun yake sannan kaina ya waye. Ita shuka ba shan abinci kawai take da saiwarta ba, tana zubarwa ma. Wani kaso mai tsoka na sukarin da ganye yake haɗawa da hasken rana, ta saiwa yake tsiyayewa cikin ƙasa, tare da wasu asid-asid da wani abu mai yauƙi. Saboda haka ƴar siririyar ƙasar da ke manne da saiwa tafi ko ina cunkoso, kasuwa ce sosai. Wani Bajamushe Lorenz Hiltner ne ya fara ware wannan wurin ya bashi suna tun 1904. Giram ɗaya na ƙasa mai kyau zai iya ɗaukar bakteriya ɗaruruwan miliyoyi, a kusa da saiwa kuma abun ya ninka. Kowa so yake ya kama wuri kusa da bakin tukunya. Fumfunar da ke kawo cuta ita ma ta wannan hanyar zata bi, ƙamshin abun da saiwa da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa ne yake tashinta daga barci. In ta iso ta tarar wasu sun riga sun shimfiɗa tabarma sun cika wurin, sun cinye abun da zata fara karyawa dashi, to ka ga ta fara da rauni kenan. A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Kloepper da Schroth, suka raɗa wa irin waɗannan bakteriyar suna na musamman, wato masu zama a saiwa suna taimakon girman shuka, daga nan bincike ya buɗe.

Gida biyu ne aka fi jin sunansu a harkar gyaɗa, Bacillus da Pseudomonas, kuma halinsu ba ɗaya bane ko kaɗan.

Shi Bacillus ɗan wahala ne. In duniya tayi masa zafi, ba ruwa ba abinci, sai ya naɗe kansa cikin wani ƙoƙo mai tauri ya yi kamar ya mutu, zafi baya damunsa bushewa bata damunsa, ya jira har ranar da danshi zai taɓa shi ya farka. Ferdinand Cohn ne ya sa wa Bacillus subtilis suna a 1872, kuma shi ne ya gano wannan dabarar ƙoƙon bayan ƴan shekaru. Wannan halin ne yasa kamfanoni suka fi sonsa, dan za'a iya busar dashi a zuba a leda ya shekara bai lalace ba. Makamansa kuma wasu sinadarai ne guda uku da ake yawan ambata, safaktin da iturin da fenjisin. Biyun ƙarshe huda fatar zaren fumfuna suke, ruwan cikinsa ya tsiyaye ya mutu. Safaktin kuwa kamar sabulu yake, yana taimaka masa ya bazu a jikin saiwa ya yi wani shimfiɗi mai yauƙi ya manne. Wasu nau'ikan har da sinadarin da ke narka kaitin suke fitarwa, shi kaitin ɗin nan shine ƙashin bangon fumfuna, irin abun da ke ɓawon ƙwaro. A Amurka a shekarun 1990 aka fara saida wani nau'insa mai lamba GB03 da sunan Kodiak ana shafa wa irin auduga da na gyaɗa, akwai kuma Serenade da ake fesawa. Wani abun haushi ga mai karatu irina shine masana sun yi ta canza musu suna, wanda jiya yake subtilis yau kaji ance amyloliquefaciens ne ko velezensis, ƙwayar dai ita ce, rajista ce ake ta gyarawa.

Pseudomonas kuma ɗan gata ne, akwai zafin nama amma ba juriya. Baya yin ƙoƙon nan, in ya bushe ko ya sha zafi shikenan ya tafi, shi yasa hodarsa watanni kaɗan take yi. Amma in ya samu saiwa da danshi wallahi yafi kowa saurin mamaye wuri. Dabararsa da tafi burge ni ita ce ta ƙarfe. Duk wani mai rai yana buƙatar sinadarin ƙarfe ɗan kaɗan, kuma duk da ƙasa cike take dashi yawanci a ɗaure yake ba'a iya sha. Sai shi ya saki wani sinadari mai kama ƙarfe gam ya jawo shi gida, fumfuna ta zo ta tarar ba saura. Sinadarin nan launin kore-kore rawaya-rawaya ne kuma yana ƙyalli in aka haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske irin ta duba takardar kuɗi, daga nan aka samo sunan wani nau'insa, Pseudomonas fluorescens. Banda wannan yana da nasa gubar da yake harba wa fumfuna kai tsaye. A gonakin alkama na jihar Washinton an daɗe da lura cewa wata cutar saiwa tana tsananta ƴan shekaru sannan ta lafa da kanta ba wanda ya sa magani, da aka bincika sai aka tarar irin waɗannan Pseudomonas ɗin ne suka taru a ƙasar. Ƙasa ce tayi wa kanta rigakafi.

Akwai kuma abu na uku da duka gidajen biyu suke yi wanda da farko ban yarda ba. Zamansu a saiwa yana sa shukar kanta ta shiga shirin ko-ta-kwana, har ganyen da ke can sama wanda bakteriyar bata taɓa ba. Ba wai ta fara faɗa bane, a'a, kunnenta ne yake a tsaye, in cuta ta sauka sai ta maida martani da wuri ta kuma ƙarfafa bangonta. Ta nan ne abun da ka shafa wa iri zai iya ɗan rage maka ɗige-ɗigen ganye. Nace ɗan ragewa fa. Kada wani ya je ya ce nace ya jefar da famfo.

Dan gaskiya ciwon ganye wani babi ne daban. Ɗige-ɗigen nan iri biyu ne, na farko ruwan ƙasa mai rawayan zobe a gefe, na biyun yafi duhu kuma a bayan ganye ake ganinsa sosai, ga tsatsa kuma mai barin jan gari a yatsa. In suka haɗu a shekara mai ruwa ba'a yi komai ba, rabin amfani zai iya tafiya, har fiye. A saman ganye kuwa rayuwa tayi wa bakteriya wuya, rana na dukanta, ruwa na wanke ta, ba abincin kirki. Manoman kudu maso gabashin Amurka kusan duk sati biyu suke feshin maganin fumfuna a kan gyaɗa in damina ta kankama, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu da dogaro da magani ɗaya, a shekarun 1970 maganin benomil ya daina cin ɗige-ɗigen cikin ɗan lokaci saboda fumfunar ta saba dashi. Kilorotalonil da aka daɗe ana jingina dashi kuma Tarayyar Turai taƙi sabunta izininsa a 2019. Irin waɗannan abubuwan ne suka sa ake ta waiwayar bakteriya, dan ita da makamai da yawa take faɗa lokaci guda, da wuya fumfuna ta saba da duka. Amma a ra'ayina, a kan ganye ƴar rakiya ce, a gindi da saiwa ne take da faɗa a ji.

Wani abu da ban taɓa haɗawa ba sai daga baya: ganyen da ɗige-ɗige ya kakkaɓe ya zube a gindi, shine abincin farin zaren nan. Ciwon sama yana ciyar da na ƙasa. Haka nan turo ƙasa kan gindin gyaɗa lokacin noma har ta binne rassa, wanda ni da hannuna nake yi ina ganin gata nake mata, ashe gada nake gina wa fumfuna ta hau. Da na faɗa wa Baba wannan sai yayi shiru, yace to mu dai haka muka taso muka gani, amma ya lura inda ƙasa tafi binne reshe nan ruɓa tafi yawa. Kaga ido ya riga littafi gani.

Damina ta gaba sai na canza salo. Wurin da ya ruɓe na bar shi na zuba masara, dan dangin hatsi ba abincin da take so bane, kodayake shekara ɗaya bata isa ta yunwatar da ƙwayoyin nan ba, ana so a kai biyu ko uku. Gyaɗar na kai ta wani ɓangaren. Na samu malamin gona na tambaye shi, yace Malam fara duba leda tukunna. Ashe a jiki ake rubuta sunan ƙwayar da lambar nau'inta da adadin masu rai a kowane giram, zaka ga haruffan CFU da lamba, wasu miliyan 100 wasu fiye, da ranar da zata daina aiki. In ba'a rubuta waɗannan ba to hoda kawai kake saye. Ta farkon da aka bani ko ɗaya babu.

Na zuba irin a kwano a inuwa, na yayyafa ruwa kaɗan da ɗan ƙaro a ciki dan hodar ta kama, ba jiƙawa ba, damshi kawai. Nan ma sai da nayi ɓarna, dan fatar gyaɗa jar nan siririya bata son wasa, da na fara cuɗawa da ƙarfi sai ta fara saɓulewa ƙwaya na rabewa biyu, kuma iri in ya rabe ko ya ji rauni ƙofa ka buɗe wa baƙar fumfunar nan Aspergillus niger mai kashe tsiro tun yana jariri ta bar masa baƙin gari kamar kunkunniya a wuya. Dole na koma juyawa a hankali da tafin hannu kamar mai wanke ƙwai. Na baza a buhu ya sha iska a inuwa, na shuka a ranar da yamma. A Indiya jami'ar noma ta Tamil Nadu ta daɗe tana ba manomanta shawarar giram 10 na hodar Pseudomonas a kowane kilo na iri, da kuma kilo 2.5 a hekta a cakuɗa da ruɓaɓɓen taki kilo 50 a watsa a ƙasa. Wannan na hodarsu ne, kowa ya bi abun da ke jikin ledarsa, amma hikimar haɗawa da taki ita na ɗauka, dan ba'a kai baƙo gida ba abinci. Ƙasar da ta ƙone ba ɗigon taki ko ka zuba bakteriyar ba zata zauna ba.

Tambayar da na yi wa malamin kuma nasan da yawa zasu yi, in na sa maganin wanke iri na kemikal fa, ba zai kashe su ba? Amsar ita ce ya danganta. Da yawan magungunan fumfuna ba ruwansu da bakteriya tunda ba ita aka ƙera su su kashe ba, shi Kodiak ɗin ma tare da su ake shafa shi, kemikal ya tsare kwanakin farko shi kuma ya karɓi gadi in saiwa ta miƙe. Amma duk maganin da ke da tagulla a ciki makashin bakteriya ne, haka ruwan da yasha kilorin da yawa. Sannan kar a manta gyaɗa tana da nata tsoffin abokan, Bradyrhizobium, masu ƙulla ƴan ƙululun nan a saiwa suna jawo mata sinadarin naitirojin daga iska. In ka fasa ƙulli ɗaya kaga cikinsa ja-ja to suna aiki. Su ba masu faɗa da fumfuna bane, aikinsu ciyarwa, kuma mutane suna yawan rikita su da waɗancan.

Wani rikicin kuma, ba duk abu mai rai da ake saidawa bane bakteriya. Trichoderma fumfuna ce mai cin ƴar uwarta, har ƙwayoyin rumbun nan take shiga ta ruɓar, kuma a kan ruɓar gindi tana aiki sosai, wasu ma haɗa ta suke da Pseudomonas. Aflasafe da Afla-Guard suma fumfuna ne, Aspergillus flavus ce marar guba ake watsawa ta rigayi mai gubar kama wuri. Maganar gubar nan aflatoksin da fumfunar ke bari a ƙwayar gyaɗa ba ƙarama bace, a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil, binciken wannan ne ya tono ta, kuma yanzu an tabbatar tana jawo kansar hanta. A ɗakin gwaji Bacillus yana danne wannan fumfunar da kyau, amma ni dai ba zan jingina lafiyar mutane a kan haka ba. Abun da yafi kawo ta shine fari da zafin ƙasa a makonnin ƙarshe kafin cira, da kwanson da ya fashe ko ƙwaro ya huda, da rashin busarwa da wuri har danshi ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. Ba wata leda da zata yi maka wannan aikin.

Kuma wannan ratar tsakanin ɗakin gwaji da gona ita ce gaskiyar da masu talla basa son faɗa. A farantin gwaji zaka ga hoto mai kyau, bakteriya a gefe fumfuna a gefe, tsakaninsu fili fayau zaren ya kasa tsallakawa. A gona kuwa baƙuwar da ka kawo zata tarar da ƴan gari biliyoyi da suka riga ta, ga zafi, ga ƙasa mai tsami ko mai yashi, ga kwana goma ba ruwa. Shi yasa bana tayi aiki baɗi ta ƙi, a gonar wane tayi a taka shiru. Nau'in da aka tsamo daga ƙasa mai sanyi ba lallai ya ji daɗin ƙasa mai zafi ba, dalilin kenan da masu bincike da yawa suke komawa su tono daga saiwar gyaɗar yankinsu, musamman tushen da ya tsaya lafiya a tsakiyar waɗanda suka mutu.

Ni abun da nayi, kunya huɗu a gefe na bar su ban shafa musu komai ba, na kafa tsinke na ɗaura tsumma dan kar na manta, saboda in ba haka ba duk abun da ya faru zan ce hodar ce. Tsiro ya fito ya fi cika a inda na shafa, giɓin bai kai na kunyoyin tsumma ba, wannan na gani da idona. Farin zaren kuwa sai da ya leƙo a duka ɓangarorin biyu da ruwa ya yi yawa, sai dai na riga na koyi tsugunawa, duk kwana biyu ina ɗaga rassa, wanda na gani na tuge shi da ƙasar gindinsa a cikin bokiti na fitar daga gonar, ban ƙara jefarwa a bakin kunya ba. To wanne ne yayi aikin, bakteriyar ce ko canjin wuri ko daina turo ƙasa ko tsugunon? Gona ɗaya damina ɗaya bata isa ta raba wannan gardamar ba. Baba yace tsugunon ne. Amma ranar da zan sake shafa iri sai gashi da nasa a ƙwarya, yace ɗan sammin ƙurar nan taka in gwada a kunya biyu, kuma shi ma da tsummansa ya zo.